Me ya sa tsofaffin finafinan takobi na Hollywood ba su tsufa ba?

MaiKyamara:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in kawo magana a kan finafinan jarumai masu takobi da 'yan fashin teku waɗanda manyan kamfanonin Hollywood suka riƙa fitarwa daga wajen 1935 zuwa farkon shekarun 1950, irin su Captain Blood da The Adventures of Robin Hood da The Mark of Zorro da Scaramouche. Da yawansu ba su da kala, babu aikin kwamfuta a cikinsu, kuma duk wanda ya zauna kallo ya san tun farko jarumi ne zai yi nasara, amma mutum ba ya iya tashi sai ya ga ƙarshe. A ganina sirrin yana inda ake ajiye kyamara. A wancan zamani darakta yakan ja baya ya bar mai kallo ya ga mutum biyu daga kai har ƙafa, ya ga tazarar da ke tsakaninsu, ya ga matakalar da ɗaya zai hau da teburin da zai tsallake, ta yadda in an kai sara za a san daga inda ya taho da yadda aka kare shi. Mai kallon dambe ba ya son a nuna masa hannu kaɗai, yana son ya ga fage gaba ɗaya da yadda ƙafa take tafiya. Finafinan faɗa na yanzu kuwa ana yayyanka hoton ne har ba a gane wanda ya bugi wani. Ina son jin ta bakin waɗanda suka riga ni sanin waɗannan finafinai.

DattijonFagge:
Wa alaikumus salam. Ɗana, maganarka tana kan hanya, amma kai mai sana'ar hoto ne, shi ya sa idonka ya fara sauka a kan kyamara. Mu da muka kalli irin waɗannan finafinai tun muna samari, abin da ya riƙe mu shi ne zaluncin da ake nuna mana ƙarara tun kafin a zare takobi. Dubi Captain Blood na 1935. Peter Blood likita ne, bai ɗauki makami ba, laifinsa kawai ya yi wa wani ɗan tawaye da ya ji rauni magani a zamanin Sarki James na Biyu, sai aka yanke masa hukunci, aka tura shi Jamaika aka sayar da shi bawa. Kafin ya zama ɗan fashin teku, mai kallo ya riga ya sha baƙin cikin abin da aka yi masa. Haka nan a Robin Hood na 1938, sai da aka nuna yadda Yarima John yake tatsar talakawa haraji da sunan kuɗin fansar ɗan'uwansa, ana ƙwace musu dukiya ana azabtar da wanda ya yi gardama, sannan jarumin ya shigo fada da barewa a kafaɗa ya jefa ta a kan teburin yariman. In ba don wancan zaluncin ba, wannan shigowar rashin kunya ce kawai. Amma da yake mun ga abin da ya gabace ta, sai ta zama abin da kowane talaka yake fatan ya ga an yi.

Ɗalibin_Fim:
Yaya MaiKyamara, akwai ɗan gyara a wajen shekaru. Abin bai fara a 1935 ba. Douglas Fairbanks ne ya buɗe wannan ƙofa tun zamanin finafinai marasa magana, da The Mark of Zorro a 1920, sannan Robin Hood nasa a 1922, da The Thief of Bagdad a 1924, da The Black Pirate a 1926, inda ya caka wuƙa a ƙyallen jirgin ruwa ya zamo ƙasa yana tsaga shi. Shi ne ya kafa siffar jarumin da yake dariya a tsakiyar haɗari, kuma duk waɗanda suka biyo baya, har da Errol Flynn, jarumin Captain Blood da Robin Hood na 1938, da Tyrone Power, jarumin Zorro na 1940, a kan sawunsa suka taka. Waɗannan na shekarun 1920 ana samun su kyauta a intanet ga mai son gani. Wannan ma yana ƙarfafa maganarka, domin fim ɗin da babu murya a cikinsa ba shi da abin da zai riƙe mutum sai motsin jiki.

Ummu_Khalil:
Ni dalilina ya sha bamban da naku. Waɗannan suna cikin 'yan finafinan da nake iya zama in kalla tare da 'ya'yana ba tare da hannuna yana kan rimot ba. Ana faɗa, ana mutuwa, amma ba a nuna jini yana kwarara ba, kuma soyayyar da ke ciki ta kunya ce da magana mai daɗi. Olivia de Havilland tana da shekara 19 lokacin da ta fito a Captain Blood, ta kuma yi finafinai takwas tare da Flynn, kuma a Robin Hood ba ado kawai aka ajiye ta ba. Ita ce ta tsara yadda za a kuɓutar da shi daga rataya, ita ce kuma ta tsaya gaban Yarima John ta faɗa masa gaskiya alhali ta san ranta ne a kai. Abin da ya fi burge ni shi ne ba kyan jarumin ne ya juyo da ita ba, sai da ya kai ta cikin daji ta ga mutanen da aka nakasa aka kora daga gidajensu, sannan ra'ayinta ya canza.

Malamin_Tarihi:
Ina girmama maganar Baba DattijonFagge, kuma ni ma ina son waɗannan finafinai, amma ya kamata mu duba irin adalcin da suke nunawa da idon basira. Jarumin waɗannan finafinai ba ya rushe sarauta, yana dawo da sarkin da fim ɗin ya ce shi ne na gaskiya. A Robin Hood ana jiran Sarki Richard ya dawo ya gyara ƙasa, alhali Richard na tarihi ya yi shekara goma yana sarauta, daga 1189 zuwa 1199, kuma bai wuce kamar wata shida a cikin Ingila ba. Shi ne ya jagoranci yaƙi da Salahuddin, shi ne kuma ya sa aka kashe fursunoni Musulmi fiye da dubu biyu a Akka a 1191. Kuɗin fansarsa ma daga jikin mutanen Ingila aka tara su. Wannan shi ne sarki adalin da fim ɗin yake so mu yi wa murna.

Na Captain Blood ya fi damuna. Fim ɗin yana so mu ji zafin bautar da Bature likita a gonar Jamaika, amma 'yan Afirka da aka yi ta kaiwa wannan tsibiri ana bautar da su tsara bayan tsara kusan ba su da murya a cikinsa. A ƙarshe kuma ladan da jarumin ya samu shi ne a naɗa shi gwamnan wannan tsibirin, wato bautar ba ta ƙare ba, shi kaɗai da abokansa ne suka fita daga cikinta. The Sea Hawk na 1940 shi ma haka yake: an ɗora jaruminsa a kan irin su Francis Drake, matuƙin jirgin ruwan Ingila da ya riƙa kai wa jiragen Sifaniya hari, an nuna jiragen Sifaniya cike da bayi masu tuƙi a ɗaure da sarƙa, amma ba a faɗi cewa Drake ɗin kansa ya bi John Hawkins fataucin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma a shekarun 1560 ba. Mu da abin ya shafi nahiyarmu bai kamata mu wuce wannan shiru ba.

DattijonFagge:
Malam, Allah ya ƙara sani. Abin da ka faɗa game da Jamaika gaskiya ne, kuma ban da abin cewa a kai. Amma game da Richard, ka tuna akwai wurin da Robin, bai san da sarkin yake magana ba domin ya ɓad da kama, ya ɗora masa laifin halin da ƙasa ta shiga, saboda ya bar mutanensa ya tafi yaƙi a ƙasar wasu. Fim ɗin bai wanke shi gaba ɗaya ba. Kuma ni ban taɓa zama gabansa don in koyi tarihi ba, tarihi a wurin irinku ake koyonsa.

Binta_Kumasi:
Ina goyon bayan Malamin_Tarihi, in kuma ƙara da finafinan da aka yi a kan Bagadaza. The Thief of Bagdad na 1940 yana da kyau ƙwarai, ya ci lambobin Oscar uku, kuma yaron nan Sabu ɗan Indiya ya yi rawar gani, amma Bagadazar da ke ciki ta mafarkin Turawa ce. Wanda ya tashi da jin labaran Dare Dubu da Ɗaya zai gane waziri da aljani da ɓarawo, amma ba zai gane mutanen garin ba.

Sarkin_Baka:
Bari in dawo da mu kan maganar farko, domin akwai hujjar da ba a kawo ba. Kibiyoyin da ake gani suna cakewa a ƙirjin sojoji a Robin Hood na gaske ne. Wani gwanin harbi mai suna Howard Hill ne yake harba su, su kuma masu wasan kasada suna sanye da farantin ƙarfe da katako mai laushi a ƙarƙashin riga, ana biyan kowannensu dala 150 a kan kowace kibiya da ta same shi. Shi ya sa faɗuwarsu take da nauyi, domin mutumin da ya ji bugun kibiya a ƙirji ba ya buƙatar a koya masa yadda zai firgita. Dajin ma na gaske ne, a Bidwell Park da ke garin Chico a Kalifoniya aka ɗauka. Ido yana gane abin da ya auku a gaban kyamara ko da mai idon bai san dalili ba.

Ɗalibin_Fim:
Malam Sarkin_Baka, kibiyoyin na gaske ne, amma kada mu ɗauka komai haka yake. Faɗan takobin da muke yabo tsararre ne taki ɗaya bayan ɗaya. Fred Cavens, malamin takobi haifaffen Beljiyam, shi ne ya tsara na Captain Blood da Robin Hood da Zorro na 1940, kuma da gangan yake faɗaɗa sara da kariya, domin wasan takobi na ainihi yana da sauri da ƙanƙantar motsi har ido ba ya kama shi. Akwai kuma wuraren da wasu suke tsaya wa jaruman: ɗansa Albert Cavens ya tsaya wa Tyrone Power a wasu sassan Zorro, kuma Henry Daniell, mugun The Sea Hawk, bai iya takobi ba, shi ya sa aka rufe faɗansa da Flynn da inuwa da wanda ya tsaya masa. Darakta Michael Curtiz yana son jefa manyan inuwoyin masu faɗa a jikin bango, kuma wannan dabara tana ƙawata hoto tana kuma ɓoye rauni.

Wanda ya iya da gaske shi ne Basil Rathbone, wanda yake fitowa a mugu. Ya fi yawancin jaruman da suka kashe shi ƙwarewa, amma kusan duk faɗan da ya yi a fim shi ake kayarwa. Ni a wurina rabin daɗin waɗannan finafinai daga gare shi yake. In mugu bai isa a ji tsoronsa ba, nasarar jarumi ba ta da armashi.

MaiKyamara:
Ƙanena Ɗalibin_Fim, na gode da ƙarin bayani a kan Fairbanks da Cavens. Tsara faɗa bai rushe maganata ba, domin ban ce ana yankan juna da gaske ba. Abin da nake cewa shi ne, ko tsararre ne, sai mutum ya yi makonni yana koyonsa sannan ya yi shi a jere gaban kyamarar da ba za ta rufa masa asiri ba. Dubi Scaramouche na 1952: Stewart Granger da Mel Ferrer sun yi fiye da minti shida suna faɗa a cikin gidan wasa, daga saman bene zuwa zaure, zuwa kan kujerun 'yan kallo, zuwa bayan labule, har suka ƙare a kan dandamali, kuma a kowane lokaci mai kallo ya san inda suke. Ko Burt Lancaster da abokinsa Nick Cravat, waɗanda 'yan wasan tsalle-tsalle ne na sakos kafin su shiga fim, a The Flame and the Arrow na 1950 da The Crimson Pirate na 1952. Babu yankan hoton da zai ba mutum abin da jikinsu yake yi a kan igiya.

Mai_Sauraro:
Har yanzu ba wanda ya ambaci kiɗa, kuma ina ganin in aka cire shi rabin kuzarin Flynn zai tafi. Erich Wolfgang Korngold ne ya yi kiɗan Captain Blood da Robin Hood da The Sea Hawk. Fitaccen mawallafin kiɗa ne daga birnin Viyana, kuma ya kawo tsarin da ake ba kowane mutum a cikin labari nasa sautin, ta yadda kunne yake sanin wanda ke tafe tun ido bai gan shi ba. Bayahude ne, kuma kiran da kamfanin Warner ya yi masa a farkon 1938 don aikin Robin Hood ne ya fitar da shi daga Ostiriya 'yan makonni kafin Hitler ya mamaye ta a watan Maris. Ya ci Oscar da wannan aikin. Mutumin da ya rasa ƙasarsa yana cikin rubuta kiɗan labarin ƙasar da azzalumi ya ƙwace, ba mamaki a ji gaske a cikinsa. Wannan yana da alaƙa da maganar Malamin_Tarihi ma, domin Sarki Philip na Sifaniya da aka buɗe The Sea Hawk da shi yana tsaye gaban taswirar duniya yana burin mallake ta, duk mai kallo a 1940 ya san da wa ake.

Ɗan_Damagaram:
Ku gafarce ni, iyayena da yayyena, amma ni na gwada Captain Blood ban ji abin da kuke ji ba. Magana ta yi yawa kafin a kai ga faɗa, jiragen wani lokaci ana gane ƙanana ne da aka sassaƙa, kuma jarumin da yake murmushi yana kashe mutane bai kwanta mini ba. Mutuwa ba abin wasa ba ce. Ina ganin finafinan yanzu da suke nuna munin yaƙi sun fi gaskiya.

Ummu_Khalil:
Ɗana Ɗan_Damagaram, maganarka a kan mutuwa tana da nauyi, kuma na daɗe ina tunani a kanta. Abin da zan ce shi ne, a mafi kyawun waɗannan finafinai murmushin ba na jin daɗin kisa ba ne, na ƙin nuna tsoro ne a gaban wanda ya saba a ji tsoronsa. Akwai kuma ladabi a faɗan: in takobin abokin gaba ya faɗi, jarumi yakan mayar masa da shi, kamar yadda Robin ya yi wa Sir Guy, na hannun daman Yarima John, domin ba ya saran wanda ba shi da makami. Wannan shi ne abin da nake so yarana su gani. Ka gwada Zorro na 1940, ya fi gajarta da sauri.

Tsohon_Akawu:
Rashin jinin da Hajiya Ummu_Khalil take yabo ba daga kirkin kamfanonin ya fito ba. Tun daga 1934 aka fara aiwatar da dokar tace finafinai ta Hays da ƙarfi, sai kamfanoni suka koma ga labaran tarihi da na littattafai, inda za a yi faɗa da soyayya ba tare da an saɓa ƙa'ida ba. Kuma abin da ya sa suka iya yin su da kyau shi ne kowane kamfani yana da komai nasa a gida: maɗinka, kafintoci, makaɗa, malaman takobi, dawaki, da 'yan wasan da aka ɗaure da kwantiragin shekara bakwai. Warner ya gina manyan jiragen ruwa biyu a cikin ɗakin ɗaukar hoto saboda The Sea Hawk, ya kuma kashe kusan dala miliyan biyu a Robin Hood, kuɗin da ba a saba ji ba a lokacin. Amma tsarin yana da nasa zaluncin. Ɗan wasan da ya ƙi rawar da aka ba shi sai a dakatar da shi ba albashi, a kuma ƙara waɗannan watanni a ƙarshen kwantiraginsa. De Havilland ɗin nan ce ta kai Warner kotu a 1943 ta yi nasara a 1944. Sai kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1948 wanda ya raba kamfanonin da gidajen siniman da suka mallaka, talabijin kuma ta shigo gidaje. Da ma'aikatan suka watse, irin wannan fim ya zama mai tsada da wuyar haɗawa.

Binta_Kumasi:
Ba a Hollywood kaɗai abin ya tsaya ba. A Indiya tun 1935 aka yi Hunterwali, inda mace ce, wadda ake kira Fearless Nadia, take rufe fuska ta ɗauki bulala ta tare wa talakawa faɗa, kuma tasirin Fairbanks a bayyane yake a ciki. Iyayenmu da suka so Dharam Veer na 1977, da sarakunansa da dawakinsa da takubbansa, jikan wannan gidan suka kalla. A Hollywood ma Maureen O'Hara ta riƙe takobi da kanta a At Sword's Point na 1952.

DattijonFagge:
'Yata Binta, kin tuna mini da abin da ya dace. Ina ganin shi ya sa har yanzu matasanmu suke karanta littattafan yaƙi na Hausa, masu sadaukai da azzaluman sarakuna. Ina nan a kan bakana cewa labarin ne gaba, kyamara tana biye.

MaiKyamara:
Baba, da girmamawa, an sake yin labarin Robin Hood sau da yawa bayan 1938, zaluncin yana nan, harajin yana nan, amma ba kowanne ne ake komawa a kalla ba. In labarin ne kaɗai, da duk sun yi daidai.

Malamin_Tarihi:
Wataƙila abin da sababbin suka rasa shi ne yarda. Masu yin na da sun yarda da jaruminsu ba tare da shakka ba, mu kuma mun san abubuwan da suke hana mu irin wannan yardar, kamar waɗanda na lissafa a sama. Ina kallon faɗan ƙarshe na Robin Hood a kan matakalar fada da jin daɗi na gaske, amma in sarkin ya cire mayafi aka durƙusa masa, ba na iya durƙusawa tare da su.

Sarkin_Baka:
Yaya MaiKyamara, ka fifita faɗan Scaramouche saboda tsawonsa da faɗin wurinsa, amma ni na fi son na Power da Rathbone a Zorro. A ƙaramin ofis aka yi shi, babu wurin gudu, babu igiyar lilo, kuma kafin a fara sai da kowannensu ya gwada kaifin hannunsa a kan kyandir: na Rathbone ya fille ya faɗi, na Power kuwa ya tsaya kamar ba a taɓa shi ba sai da ya ɗaga rabinsa na sama. Daga wannan lokacin kyaftin ɗin da Rathbone ya fito a matsayinsa ya san mutumin da ya ɗauka rago ba rago ba ne. Ɗan_Damagaram, in za ka bi shawarar Hajiya, ka lura da fuskar Rathbone a daidai wurin, sannan ka dawo ka faɗa mana ko ra'ayinka yana nan.